Bikon da Na Shiga ta Danga

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na je biko Dungu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen garin ne ba su ba ni haɗin kai ba.

A shekarar na dawo Matameye daga ci-rani a Kano da moto, wato babur, mai aiki da batir, irin mai dogayen ƙafafun nan da aka yi don daji da rairayi. Ba ya shan esansi, wato fetur, ba ya hayaƙi, kuma ba ya ƙara ko kaɗan. A shagon wani mai sola nake yi masa caji. Matsala ɗaya ce: kafin in tafi na yi wa matata Ramatu alkawarin kwanon rufi, don ɗakinta na yoyo. Da ta ga moto a tsakar gida ba kwano, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Allah ya sanya alheri." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba.

Damina ta sauka, ta riƙa jera robobi tana tarar ruwa a gefen gado, shiru. Ni kuwa ina majalisa ina yabon kaina da cewa na yi dacen mace mai haƙuri (har nasiha nake wa masu mata mafaɗata, Allah ya yafe mini). Wata safiya na dawo daga gona na tarar da robobin a wanke, a kife, mai su kuma ta yi gidan ubanta.

Kawuna Malam Habu ya yarda ya shige mini gaba. Na ce ya hau in kai shi, ya ce shi ba ya hawa abin da ba ya gyaran murya. Ya bi motar kasuwa tun da safe, ni na biyo baya ta hanyar gonaki. Gaskiya tafiyar ta yi daɗi. Gero ya fi ni tsawo hagu da dama, ina jin kukan kurciya, har na ratsa garken zabi ba wadda ta tashi. Ina tafe ina bitar kalmomin ban haƙuri.

To, kowa ya san ladabin ƙofar surukai. Tun daga nesa za ka kashe moto, ka sauka, ka turo shi da hannu. Na hango surukina da kawu da wasu dattawa a kan tabarma gindin bishiyar bedi, na sauka, na tuɓe takalmi, na fara turi kaina a sunkuye. Abu ɗaya na tsallake. Duk rayuwata kunnena ne ke gaya mini moto a kashe yake, wannan kuwa a kunne ko a kashe, shirunsa ɗaya. Ban murɗa makulli ba.

Wurin rairayi ne, ba inda zan kafa shi ya tsaya, sai na riƙe kansa da hannun dama na durƙusa. Wanda ya san moto ya san abin da wuyan hannu ke yi idan mutum ya yi ƙasa yana riƙe da wannan ɓangaren, inda ake murɗawa a ba shi wuta.

"Baba, barka da la'a..."

Ban kai ƙarshe ba. Moton ya zabura ba sallama, ni kuma na ƙi saki, don gumin ci-rani guda ne a hannuna. Ina ƙara damƙa yana ƙara wuta. Muka ratsa tsakanin kawu da surukina, muka yi gaba da buta, muka fasa dangar kara, sai tsakar gida. Turmi ne ya raba mu.

Da na buɗe ido ina kwance rub da ciki, ba hula, riga ta naɗe har wuya. A gabana surukata ce zaune da faifai a cinya, matar da tun aurena ban taɓa haɗa ido da ita ba saboda kunya. Ranar mun haɗa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, kuma na tabbata ba kuka take ba. Ramatu ta ajiye taɓarya, ta tsallake ni, ta murɗa makullin, sannan ta ce, "Sannu da zuwa."

Can sai na ji muryar surukina daga ɓarakar da na yi: "Salamu alaikum, masu gida. A shigo?" A gidansa. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, ba ka kashe abin ba ne?"

"Baba, na ji shi shiru ne, na ɗauka a kashe yake."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka kawunka ya ce ka faɗa a kan 'yata. Wai ka ji ta shiru."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Hukuncin bai yi tsawo ba: in gyara danga kafin in bar garin, Ramatu kuma za ta koma ranar da aka kafa kwano a ɗakinta. Na kwana Dungu, washegari na wuni ina ɗaurin kara, duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambaye ni ko nan ce sabuwar ƙofar.

An kafa kwano, ta dawo, amma a motar kasuwa. Moton yana nan, kuma yanzu ko a daji ni kaɗai na sauka sai na duba makulli. A gida ma haka. Duk ranar da na shigo na ji tsit, ba na cire hula sai na ce, "Ramatu, me na yi?"