Ranar da Na Tsere wa Surukarmu a Meturon Madrid

Matso kusa ka ji, amma kada zancen nan ya kai kasuwar Bonkuku. Ko na tsufa na rikice ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukarmu a Madrid ba.

Ni fa ko Yamai na je, kwana nake ina tunanin awakina. To ƙanena Isuhu, mai aikin walda a Sifen, ya samu yarinya can, Lusiya. Uwarta ta ce babu aure sai ta ga babba daga gidanmu da idonta. Baba ya tsufa, abin ya faɗo kaina.

Wata uku Isuhu yana aiko min gaisuwarsu ta waya. Lakkwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi, amma Allah ya ba ni kunne. Buenos días da safe, buenas tardes da marece. Ya ce ba a ce wa babba tú, wato kai ko ke, sai usted na girmamawa. Na yi ta gwaji a kan awaki (tsohuwar cikinsu ita ke samun usted) har maƙwabta suka fara yi min sannu.

Abu guda ne ɗan banzan nan bai gaya min ba.

Da na isa Madrid aka shirya haɗuwa a tashar meturo, jirgin nan mai bin rami kamar gafiya. Na sha babbar riga. Muna tsaye bakin hanyar jirgi sai ga Lusiya da uwarta, wata gajeriyar dattijuwa. Na sunkuyar da kai na zuba mata gaisuwa tsaf, har da ¿cómo está usted? Matar ta yi ihun murna, ta buɗe hannuwa, ta turo baki ta nufo kumatuna.

Jama'a, suruka fa! Mu Kurfayawa da ko hango ta ka yi a hanya, cikin gero kake ratsewa!

"Yaya, tsaya, gaisuwarsu ke nan!" in ji Isuhu.

"Gaisuwar mi? Kai, riƙe ta!"

Na durƙusa don ta wuce ta sama, ita ma ta durƙuso. Na miƙe na ja da baya, ta biyo ni. Na ƙara ja, sai na gan ni cikin wani ɗaki mai haske. Ashe jirgi ne ya iso ya buɗe ƙofa. Garam, ta rufe. Ta gilashi na ga Lusiya ta fashe da kuka. Wan ango ya ga uwar amarya ya tsere, mi ya rage?

Wayata tana aljihun Isuhu. Na bubbuga jikin jirgi yadda muke yi wa direban motar Sanam, ina "Akwai mai sauka!" Ko kallo ban samu ba. In sauka a wata tasha kuwa, in nufi ina? Na zauna. Tunda gaisuwa kaɗai na iya, duk wanda ya shigo sai na gaishe shi (wata har ta rungume jakarta). Wani tsoho da na dama da sunan Isuhu ya juya yatsa a iska. Na ce shi ke nan, cewa yake kaina ya juye.

Ashe jirgin ne ke zagaye kamar akuya a turke. Bayan kusan awa guda ƙofa ta buɗe. Ga Isuhu ya yi zuru-zuru, ga dattijuwa zaune tana fifita.

Na dubi ƙanena, na ga aurensa a kumatuna yake. Na fito na ƙame kamar mai jiran allura, na rufe ido, na yi istigifari a zuci. Ta manna a dama. Na buɗe ido ina hamdala, ashe biyu ake yi.

An ɗaura aure lafiya. Ni dai na koyi cewa in za ka ƙasar mutane, haddar gaisuwa ba ta isa, sai ka tambayi mi ke biyo bayanta.

Ga shi an ce in kaka ta yi dattijuwar za ta zo Filinge ganin dangi, kuma da Baba za ta fara, a ƙofar gida, gaban tsofaffin unguwa. Don Allah in kai ne, za ka gaya masa tun yanzu, ko tabarma za ka shimfiɗa ka sha kallo?