Gwadabe Ya Sauka a Sabon Tudu

"Ni da za a tura wata, wallahi kafin la'asar na dawo da labarin kowane lungu!" In ji Gwadabe tela, sarkin cika baki na Kirikasamma, wanda ko Haɗeja sau biyu ya taɓa zuwa.

Ka san shekarar da rediyo ta ce Amurkawa sun tura mutane wata, Rasha kuma ta tura inji? To, tun ranar bakin Gwadabe bai huta ba.

"Inji! Yana da hanci? Zai ɗanɗana ƙasa? Aikin matsorata ne!"

Zarami masunci ya ce, "Amma inji ba ya barin mata da takaba."

Ana haka ruwa ya janye, wani sabon tudu ya fito a tsakiyar fadama. Mai gari ya ce duk wanda ya fara kawo masa sahihin labarin ƙasar wurin, shi zai noma shinkafa a kai.

Zarami ya ɗaura dutse a gindin gorar da yake hawa a ruwa in yana kamun kifi, ya sa mata doguwar igiya, ya sake ta, ruwa ya kai ta bakin tudun. Da ya jawo, dutsen ya zo da laka baƙa, ruwa-ruwa kamar kunu.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce mai kyau, amma ba ta takuwa sai bayan mako uku."

Gwadabe ya tuntsire da dariya. "Ku ji Barashe, ɗan Rasha mai tura inji! Gora ce za ta ba mu labari? Ni da ƙafata zan je."

Gogan naka ya aro takalman roba, ya zuba sabon wando mai kamun ƙafa, ya sa aka tuƙa shi a kwalekwale, gari duk an fito kallo. Ya ɗaga hannu, ya daka tsalle.

Tsulum! Har gwiwa.

"Ƙasar da ɗan laushi!" ya ƙwala, wai shi mai kawo rahoto.

Ya yunƙura, sai ga shi har ƙugu.

"Gwadabe, ka ɗanɗana?" in ji Zarami.

"Zarami, don girman Allah! Turo gorar!"

"Ai ba ta da hanci."

"Turo ta haka nan!"

Ƙarti shida suka ja igiya kafin laka ta tofo shi. Ta riƙe takalma, ta riƙe wando. Haka sarkin wata ya iso gaci rungume da gora, matarsa Ma'u ta jefa masa mayafi tana salati.

Ko kunya babu, ya ɗaura ya durƙusa gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, ni dai na fara taka wurin. Ina rabona?"

Mai gari ya dube shi sama da ƙasa.

"Fili na Zarami ne. Amma abin da ka shuka naka ne, Gwadabe. In wandon ya tsiro, ka zo ka girbe."