Rasuwar Gwaggo ta Ɗakin Kati

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, mai ajiye katuna na ƙaramin asibitin unguwa yana sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar ɗakin kati, bayan shekara goma sha bakwai tana jera sunayen masu karɓar maganin suga.

Bai yi makarantar abin ba. A jikinta ya koya, shi ya rubuta mata 'yar manhajar da take aiki da ita. Marigayiyar ba ta gwada suna da suna yadda aka buga su. Takan ɗauki kowanne, ta yi ƙir-ƙir-ƙir, ta auna shi da tsarin haruffan harshen mai shi, ta yanka masa mabuɗi, sannan ta jera mabuɗan. Shi ya sa Ɗanfari yake bin Dogo a layi. Kuma kowane wata daga wani harafi dabam take fara kira, domin maganin ba ya kai ƙarshen layi, shi kuwa ya daɗe yana tambayar kansa laifin me mutum ya yi don an raɗa masa suna.

Zafi ne ajalinta. Sau uku yana roƙon a canza mata fanka. Shugaban asibiti ya ce, "Malam, tsohuwar nan ta ga jiya ta ga yau, bar ta ta huta." Wata Laraba, wata biyu da suka wuce, ta yi tiiit sau ɗaya, shi ke nan.

Ta bar madannai masu gogaggen baki, da firinta mai tari, da masu jinya ɗari uku.

Wadda aka kawo madadinta kullum daga A take farawa, kuma duk sunan da harafinsa ke da lanƙwasa can ƙasa take jefa shi. Wata biyu ke nan Ɗiyar Maƙeri, tsohuwa mai sanda, tana komawa gida hannu wofi. Ta ce wa mai ajiye katunan, "Ɗana, ni ce dai ta ƙarshe kuma? Ko sunan zan sake?"

"Inna, ba abin da za ki sake."

Za a yi jana'iza ranar Litinin, ƙarfe takwas, a ɗakin kati. Ba za a ba 'yan gwangwan gawar ba. Ƙarƙashin teburinsa za ta kwanta. Ya kwafe sunayen da hannu, kati-kati, bisa tsarinta, kuma daga harafin Inna zai fara kira. An gayyaci shugaba. In yana da ja, an ajiye masa kujera kusa da ta Inna, sai ya faɗa mata da bakinsa.