Sallau Ya Je Sayen Kwamfuta

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani mutum ana kiransa Sallau. Ƙato ne, ba ya ƙarya, ba ya gardama. Matsalarsa ɗaya ce: yadda maganarka ta fito daga baki, haka zai aikata ta. Yana zaune da yayarsa Kuluwa, wadda mijinta ya rasu, da 'yarta Zinatu. Bara Zinatu ta faɗi jarrabawar shiga jami'a, ba don rashin karatu ba. A kwamfuta ake yi, ita kuwa ranar ce ta fara ganin kwamfuta kusa da kusa, ta yi ta laluben inda za ta danna har lokaci ya ƙare. Kuluwa ta ce bana ba za a maimaita ba. Ta sayar da tumakinta don a sayo wa yarinyar kwamfutar da za ta koya a gida. Da yake ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, aiken ya faɗa kan Sallau.

Wata rana maƙwabcinsu Malam Ɗayyabu, malamin firamare, ya zo ya ba da shawara. Ya ce, "Ku nemi ƙarama ta tebur, ta fi araha. Wadda za ta zauna daidai a teburin Zinatu." Washegari Sallau ya ɗora teburin a ka, ya shiga mota sai birni. Ya dire shi a tsakiyar wani shago, ya ɗauko kwamfuta ya ɗora, ya ce, "Zauna." Ya sauke, ya ɗora wata, ya ce, "Ke fa? Zauna." Mai shago ya saki baki yana kallo. Da yamma Sallau ya dawo, tebur ya rasa ƙafa ɗaya a mota.

"Yaya, duk a tsaye suke. Ba wadda ta yarda ta zauna."

Kuluwa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ga tebur ma ya tafi."

Wata rana ta sake aikensa. Ta ce, "Ka ji ni da kyau, Sallau. Mu ba masu hali ba ne. Ka duba wadda aljihunka zai iya ɗauka." Ya shiga wani shagon daban, ya ga wata 'yar ƙarama kamar kwanon awo. Bai ce wa kowa komai ba, ya kama tura ta cikin aljihun rigarsa. Aljihu ya yage har ƙasa. Mai shago ya daka tsalle yana ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!" Kafin ka ce me, mutane sun cika ƙofa, wani har ya ɗauko gora. Allah ya sa direban motar ƙauyensu yana wucewa, ya kutsa yana rantsuwa cewa ya san shi tun yana yaro. Sallau ya iso gida kunne a kumbure.

"Yaya, aljihuna bai ɗauka ba. Ko a ɗinka mini babba?"

Zinatu ta shige ɗaki tana kuka.

Wata rana Malam Ɗayyabu ya tuna cewa a gidan su Kuluwa ƙaramar sola kawai gare su. Ya ce, "Ka tabbatar ka samo wadda ba ta shan wuta sosai." Sallau ya ce to. A birni ya tsaya wurin mai gasa masara, ya roƙi garwashi a kasko, ya shiga shago da shi yana hayaƙi. Ya ajiye gaban kwamfuta ta farko, ya tsuguna yana fifitawa, yana jira ya ga ko za ta sha. Bakin labulen shagon ya kama. Masu saye suka yi waje da gudu, wata mata ta bar takalminta, mai shago ya cire hularsa yana dukan wuta da ita yana salati. Da aka kashe, Sallau ya miƙe ya ce masa, "Wannan ba ta sha ba, amma labulenka yana sha." Da tsintsiya aka raka shi har titi.

Daga nan Malam Ɗayyabu ya ce da kansa zai je.

Wata rana, ranar Asabar, suka tafi tare. A wani shago Malam ya zaɓi 'yar ƙarama mai sauƙin kuɗi, aka kunna ta, ya gwada, ya ga tana aiki lafiya, ya biya. Zai wuce gaisuwar rasuwa a wata unguwa, sai ya kama hannun Sallau ya ce, "Ba na son ka yi komai. Abu ɗaya kawai: kada ka ɗauke idonka daga kanta har ta shiga gida."

Malam na fita, mai shagon ya ɗauki kwamfutar ya ce, "Jira ni nan, in sa maka ita a kwali." Ya shige ɗakin baya. Sallau ya bi shi, ido a gwale.

Mai shagon ya ce, "Kai, nan ba a shiga."

Sallau bai ko kalle shi ba, kwamfutar yake kallo. Mutumin ya juya masa baya, ya tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa, ya jawo wani kwali da aka riga aka liƙe ya miƙo. Sallau ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya tura kai ƙarƙashin benci.

"Tashi! Ga taka nan a kwali!"

"Ba waccan aka ce in kalla ba."

Mutumin ya ja ƙafarsa, ya kasa motsa shi. Hayaniya ta jawo maƙwabtan shago. Wani dattijo ya ce a buɗe kwalin kowa ya gani. Aka buɗe, sai ga wata irinta sak, amma da aka jona ta ko haske ba ta yi ba, bayanta duk tsatsa. Dattijon ya dubi mai shago ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah!" Da hannunsa dattijon ya zaro ta gaskiyar, ya ɗora wa Sallau a hannu, ya haɗa masa allon kwamfutar da sauran kayan a buhu.

Haka Sallau ya shigo gida da la'asar, ya riƙe ta a gaban fuskarsa, yana laluben hanya da ƙafa. Idanunsa sun yi jajir, hawaye na zuba. Direba ya biyo shi da buhu, ya ba Kuluwa labarin duka. Ta riƙe baki, ta dubi kwamfutar, ta dubi ƙanenta. Zinatu ta jona ta, allo ya kawo haske, ta yi ƙara don murna.

Sallau bai motsa ba. Ya ce, "Yaya, ta shiga gida?"

"Ta shiga."

"To in ƙifta?"

Kuluwa ta share masa fuska da bakin zanenta, ta ce, "Ƙifta, ɗan'uwana. Allah ya yi maka albarka."