Rasuwar Baba Had-dis, Mai Gadin Kwandon Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya yi jawur, Malam Albert na Samaru, shugaban mawaƙan majami'arsu, tare da maiɗakinsa Lucia da 'ya'yansu Wisdom da Happiness, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar dattijon gidansu, Baba Had-dis, wato faifan ajiyar da ya zauna a cikin cikin kwamfutar Malam Albert tun ranar da ya saye ta. Ya cika ne ranar Talata da hantsi, a kan teburin Okechukwu mai gyaran kwamfuta da ke Sabon Gari, bayan doguwar jinyar da maigidansa ya ƙi yarda jinya ce. Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, amma dai da sukundireba aka ciro shi.

Marigayin ya shigo Zariya ne a cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo, kuma ba wanda ya san shekarunsa na gaskiya, don tun zuwansa da tarinsa ya zo. Mutum ne mai natsuwa, wanda bai taɓa yin gaggawa ba ko sau ɗaya a rayuwarsa. Idan Malam Albert ya danna makunni da safe, yakan je ya yi wanka, ya sha koko, ya goge takalmi, ya dawo ya tarar Baba yana ta gyaran murya, kirrr, kat-kat-kat, kirrr, kamar tsohon da ke laluben sandarsa. A majami'a kuwa, inda aikinsa shi ne haska baitocin waƙa a bango, jama'a sukan kai baiti na uku kafin ya fito da na fari. Wannan ya sa duk ikilisiyar ta haddace waƙoƙinta da ka, kuma muna fata za a lissafa masa wannan a cikin ayyukan alheri.

An shaide shi da riƙon amana. Ya riƙe hotunan bikin aure, ya riƙe waƙoƙin Kirsimeti na shekaru da dama, ya riƙe finafinan da Wisdom ya rantse bai san yadda aka yi suka shiga ba, bai taɓa tona asirin kowa ba. Sai dai a cikin duk abin da ya riƙe, abu ɗaya ne ya fi sauran nauyi, kuma dole a faɗe shi a nan don masu ta'aziyya su san abin da suke yi wa ta'aziyya.

Mahaifiyar Malam Albert, marigayiya Mama Rifkatu ta Shika, ita ce mai buga tulu a zumuntar mata har ƙarshen rayuwarta. Wata rana da la'asar, a tsakar gidanta, ya ɗauki muryarta da wayarsa tana rera wata waƙar godiyar kaka da ita ta ƙirƙiro, tana cewa dawa ta sunkuya, ita ma ta durƙusa. Ana tsakiyar waƙar akuya ta sa kai a cikin ƙwaryar garinta, Mama ta tsaya ta daka mata tsawa, ta fashe da dariya, ta ce, "Auta, kashe abin nan mana!" Bai kashe ba, ta ci gaba da waƙarta. Wayar an daɗe da sace ta a tasha, Mama ma ta riga mu gidan gaskiya. Muryarta ba ta rage a ko'ina a duniya ba sai a cikin Baba Had-dis.

To, a ina Malam Albert ya ajiye wannan murya? A kwandon shara na kwamfuta. Ba hauka ba ne, gado ne. Mama Rifkatu takan ɓoye 'yan kunnenta da sarƙarta a cikin tukunyar toka bayan madafa, tana cewa ɓarawo ba ya binciken juji. Ɗanta kuwa kwamfutarsa ta zama ta kowa: yara su buɗe, 'yan mawaƙa su ara, a sauya wa wannan suna, a jefa wancan inda ba a sani ba. Sai ya lura cewa duk abin da aka goge yana nan kwance a kwandon shara ba mai leƙa shi. Tun daga nan, duk abin da yake ƙauna sai ya goge shi da hannunsa, ya kwanta da kwanciyar hankali. Dabarar ta yi masa aiki shekara da shekaru, domin a gidan Malam Albert ba a taɓa jin yaro ya zubar da shara don kansa ba, ko ta tsakar gida balle ta kwamfuta.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Sai Baba ya koyi wani sabon sauti, tik, tik, tik, ya riƙa suma ana tsakiyar sujada. Lucia ta ce a kai shi a duba, Malam Albert ya ce gajiya ce kawai. Ya gwada masa maganin gida: ya hura masa iska, ya ɗora shi a kan bulo biyu don ya sha iska ta ƙasa, ya ɗan mare shi a gefe kamar yadda ake yi wa rediyo. Ranar da ya sandare a kan kalmar "Halleluya" har fasto ya gama wa'azi, Lucia ta ce, "Baban Wisdom, ko ka kai shi Sabon Gari, ko ni in kai shi bola." Ya kai shi.

Okechukwu ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce wannan ya gama nasa, sai a sa sabon ma'aji irin na zamani da ake kira es-es-di, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya yi tari. Malam Albert ya ce ya yarda, amma a kwashe masa komai da komai. Ya nanata, komai da komai. Bai ambaci kwandon shara ba, don mai ɓuya ba ya faɗin maɓoyarsa, kuma a ganinsa komai ai komai ne. Okechukwu ya kwashe hotuna, ya kwashe waƙoƙi, ya kwashe har finafinan Wisdom. Baba Had-dis ya daure, yana nishi yana miƙa kaya ɗaya bayan ɗaya, har aka gama aka ciro shi aka ajiye a gefe.

Malam Albert ya hau bas ya nufi gida yana murmushi tun daga Palladan. Ya danna makunni, kafin ya ja kujera kwamfuta ta riga ta buɗe, har sai da ya ɗan tsorata. Ya kira Lucia ta gani, ya kashe ya sake kunnawa don maƙwabci ma ya shaida. Da kowa ya watse, sai ya buɗe kwandon shara don ya gaida tsohuwarsa. Ya tarar da shi fes, ko ƙura babu.

Ko takalmi bai ɗaura da kyau ba ya koma Sabon Gari. Da ya yi bayani, Okechukwu ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Haba Oga Albert! Wa ke tashi daga tsohon gida ya kwashi shara ya kai sabo?" Duk da haka ya jona Baba da waya, suka tsaya a kansa su biyu. Baba ya ce tik. Ya ce tik. Ya yi wani ɗan kirrr, kamar zai faɗi wata magana, sai ya yi shiru. An kwantar da shi a firjin Lucia kusa da zoɓo bisa shawarar wani ɗalibi, an tura shi Kaduna wurin waɗanda aka ce sun fi sani, an dawo da shi a leda. Malam Albert bai ga laifin kowa ba sai nasa, kuma ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne Mama.

Marigayin ya rasu ya bar caja mai ɗaurin roba, da batir da shi ma yake nan hannun Allah, da linzamin kwamfuta gurgu, da madannai masu giɓi biyu. Ya kuma bar magajinsa, es-es-di, yaro mai zafin nama da ba ya tari, ba ya gaisuwa, ba ya sa kowa jira. Iyali ba su da ƙorafi a kansa. Sai dai Malam Albert ya ce yanzu ba ya samun lokacin shan koko.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a binne gawa ba, kuma ana gargaɗin 'yan gwangwan da ke zagaya layin su daina tambaya, ba za a sayar ba. An naɗe Baba a cikin ɗankwalin zumuntar Mama Rifkatu, za a sa shi a tukunyar tokarta da aka ɗauko daga Shika, tunda har yanzu muryar tana cikinsa, fitowa ce kawai ba za ta yi ba. Za a yi zaman tunawa ranar Asabar da la'asar a tsakar gidan Malam Albert da ke Samaru. Akwai zoɓo, kuma an wanke firjin. Ana roƙon tsofaffin matan zumunta da suka san waƙar dawa su zo da tuluna su rera ta, ba za a haska baiti a bango ba. Roƙo ɗaya Malam Albert yake yi: idan aka kai tsakiyar baiti na biyu, inda akuya ta sa kai a gari, kowa ya tsaya, a ɗaga hannu daga tulu. Kada wanda ya cike wurin. Nan ne Mama take kiransa Auta.