Lantanar Kaka a Jikin Labule

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zubar da girmana a bikin ƙanwata Rabi, a gidanmu na Gaya, kuma ba wanda ya taya ni, ni kaɗai na yi aikina.

Ni metires ce, ina koyar da yara a lakwal, kuma a gidanmu duk wanda ya riƙe alli ana ɗauka ya san komai (ni ma ban taɓa ƙaryata su ba). Shi ya sa aka ba ni aikin shirya amarya kafin dangin ango su iso daga Tounouga.

Da safe Kaka ta zo daga Yélou, ta kwance bakin zanenta, ta miƙo min wata tsohuwar sarƙa. Duwatsu ne jajaye masu duhu, ba sheƙi, wani dogo wani gajere, hudarsu ma a karkace.

“Lantana ce, ta uwata,” in ji ta. “Ki sa ma Rabi.”

Na karɓa hannu biyu, amma a raina cewa na yi wannan tarkacen ba zai hau wuyan ƙanwata ba. Ai na riga na haye gada zuwa kasuwar Malanville na sayo kado, wato kyautar biki, murjani ja jawur mai ɗaukar ido, kowace ƙwaya daidai da ƴar'uwarta. Shi na sa mata. Ta Kaka kuwa, da na ga labulen ƙofa yana hana iska shiga, sai na ɗaure shi da ita. Wallahi har daɗi na ji da na samo mata amfani.

Dangin ango suka shigo, a gabansu gwaggonsa, wata Hajiya da ta tsufa a sayar da duwatsun wuya (wannan sai daga baya aka gaya min). Aka yi fofo, aka gama gaisuwa, aka zazzauna. Ni da baki ba ya hutawa na ce, “Hajiya, ku duba murjanin amarya, na asali ne.”

Ta jawo sarƙar ta auna a tafin hannu, ta ɗora a kumatu, ta ɗan ƙwanƙwasa a haƙori.

“Ɗiyata, dutse sanyi gare shi da nauyi. Murjani kuma, in kin duba, da ƴan zane-zane a jikinshi, ba ya zuwa kai ɗaya. Wanga roba ce.”

Rabi ta sunkuyar da kai, na ga idonta ya kawo ruwa. Ina neman inda zan sa fuskata, sai Hajiya ta waiwaya ƙofa, ta miƙe zumbur.

“Lantana? Wane irin gida ne wanga da ake ɗaure labule da lantana?”

Ta kwance ta. Ta nuna wa mata hudar, ta ce da hannu ake huda ta daga kowane gefe, shi ya sa ba ta miƙewa, kuma rabonta da ganin irinta tun tana budurwa. Na kalli Kaka. Kunyar dangin ango ba ta kai rabin kunyarta ba, domin ta gane sarai abin da na yi.

Sai ta gyara zama ta ce, “Jikata ce ta rataye ta nan don ku fara gani kafin a sa ma amarya.”

Guɗa ta tashi. Hajiya da kanta ta ɗaura wa Rabi sarƙar, kuma har yau a Tounouga suna cewa sun auro ƴar gidan lantana.

Da baƙi suka watse na durƙusa zan ba da haƙuri, Kaka ta ce in tashi, in dinga zuwa Yélou ran Lahadi ta koya min duwatsu. Ina zuwa kuwa. Yanzu na san aƙiƙ, duwatsun kwalba ne dai har yau suke ruɗa ni. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne, in tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ni sai in ɗaure bakina.