Budurwar Kaka ta Cikin Waya

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Sakinatu, tana karɓar sandar kakanta.

Kakan nata Hamajoɗa ne ya diro Nassarawo daga Ngurore, da zabi biyu ɗaure a hannu. Sakinatu na tsiya a baki, amma ta san yau ce ranar hukunci. Babanta Salihu ya riga ya yanke: abin da tsohon ya ce yau shi za a yi, ko ta ci gaba da koyon rubuta manhajar kwamfuta, ko ta koma tsaron shago a kasuwar Jimeta. Shi kuwa tsohon ya tsani kwamfutar nan kamar ciwon haƙori.

"Cire idonki daga zabin nan, ba naki ba ne. Na sake ki! Na yi sabuwa."

"Kai ɗin? Wace makauniya ce ta kwasa?"

"Wata 'yar Abuja. Injin ban-ruwa ɗaya gare mu, mu goma sha biyu. Kullum rigima kan layi, har sanda an zare. Yanzu fa? Da asuba take kirana, da Fulatanci mai daɗi, ta ce, Bappa Hamajoɗa, yau ruwa naka ne. Albasata ba ta sake kwana da ƙishi ba."

"Ai duk mutum goma sha biyun take kira."

"Ƙarya! Su aiki ne, ni so ne. Ke me kika iya? Danne-danne kamar kaza a tsakar gida. Nemo min adireshinta, in aika mata zabinta."

Sakinatu ta cije leɓe. Wata uku ta yi tana fama da manhajar da ke kiran manoman nan, ta lalace ta gyara, ta roƙi shugaban manoman kar ya faɗi sunanta. Ta buɗe kwamfutar.

"Bari in kira maka ita. Gyara hula, ango."

Ta danna, ta danna. Sai ga 'yar wayar tsoho ta ɗau kuka cikin aljihu. Ya miƙe tsaye, har da gyaran murya, ya ƙure sauti don kowa ya ji.

"Bappa Hamajoɗa," in ji muryar, a tausashe, "ka rage goro. Haƙori uku suka rage maka."

Salihu, da ke alwala a gefe, ya saki buta.

"La'ilaha! Wa ya gaya mata?" in ji tsoho.

Sakinatu ta toshe hanci da yatsu biyu: "Yau ruwa naka ne."

Tsoho ya dubi waya, ya dubi jika, ya koma ya zauna daɓas.

"Ke ce? 'Yar banza mai kan ƙwarya! Na fa yi aski saboda ke!"

"Ni na rubuta ta, ni na koya mata layinku. In na tafi shago, sai ka koma ɗaukar sanda."

Dariya ta kama shi har da hawaye. Ya tura mata zabin da ƙafa.

"Salihu! Ka kai yarinyar nan shago, ni da kai ne. A bar ta ta yi ta dannawa."

Daɗi ya cika Sakinatu, ta rungume zabin suna ta ihu.

"To sakin fa, Kaka?"

"Na mayar da ke. Amma ki riƙa toshe hancin, kin fi daɗin ji."